Gidan Nomau Ba Ya Shan Siminti

A shekara ta biyu ta fari Alkasum, ma'aikacin biro, wato ofishin magajin gari, ya yi sallama a wani tsohon gidan ƙasa mai zane a fuska, cikin Birnin Damagaram. Lubabatu, 'yar mai gidan, ita ta leƙo. Yana ganinta ya manta rabin abin da ya haddace.

"An sa gidanku cikin kayan tarihi. An hana rushewa."

"Mushe," in ji ta, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati a nan, "tarihin ake damawa a sha? Alhaji Mutari zai ci da mu har kaka in an ba shi filin ya yi kanti. Kai ka kawo takarda."

Ubanta, Malam Nomau, tsohon magini ne, ya fi ta zafi. "Ba zan rushe ba. Yaɓe ne ba zan yi ba. Ran da sama ta tuna da mu, ruwan farko zai kayar mini da shi."

Ga Mutari kuma ba filin kaɗai yake so ba, har 'yar.

Alkasum ya rasa barci. Ya sayo siminti ya shafe tsagar bangon, yana jiran godiya. Kwana tara simintin ya ɓallo, ya taho da rabin zanen kakan Nomau. Tsoho ya bi shi da sanda har bakin lungu.

Ya aika mata 'yar takarda: "Luba, na ɓata. Ki koya mini, ko ki zage ni."

Ta rubuta a bayanta: "Duka biyun."

Haka ta tsaya a zaure tana ba da umarni. "Ƙara ciyawa! Tattaka da ƙafa, ɗan lekol sarkin boko, ba rawa aka ce ka yi ba!" Ruwan da yake yini a layi ya samo, kwaɓi yake zubawa. Rabonsa na jar dawar agaji kuwa tukunyarsu yake shiga.

"Leɓenka ya tsage," in ji ta wata rana, ta miƙo masa moɗa tana kallon gefe. "Kada ka mutu mana a ƙofa."

Da ya zo maido da zanen, Nomau ya daure kwana biyu yana kallo, a na uku ya fizge wuƙar zanen daga hannunsa. "Sakarai! Zanen kakana ne wannan ko sawun kaza? Matsa!"

Nan Mutari ya same shi, laka har gwiwar hannu.

"Malam, maganarmu fa?"

"Alhaji, ka tsaya mini a kan kwaɓi."

An yi ruwa, bango bai motsa ba. Bayan kaka aka ɗaura aure a zauren nan. Nomau ya ce wa Alkasum, "Na ba ka ita don ka iya shan zagi. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka shafa, suka ce amin.