Injin Walda a Garejin Baba

Ranar wata Litinin cikin Janairun 1946, Dewey Tackett ya shigo kamfanin ƙera tireloli a Toledo riƙe da takardar sallama daga soja. Regina Pawlak ta ɗage hular walda ta dube shi. Dogo ne, ya rame har kwat ɗinsa na lilo a jikinsa.

"Yi haƙuri, 'yammata," ya ce. "Wai nan ne wurina."

"Wai? Shekara uku ina tsaye a nan."

"Ni ma shekara uku ina tsaye a wani wurin."

Doka ce, sojan da ya dawo aikinsa na jiransa. Mu matan da muka riƙe kamfanin har yaƙi ya ƙare, sannu da ƙoƙari kawai aka ce mana. Wasunmu suka koma gida, Regina kuwa aka tura ta ɗakin cusa kaya a kwali, a rabin albashi. Kai, mun gaji a shekarar nan! Ga yajin aiki, ga tsadar nama, gidan haya ko na magani babu.

Ba a yi mako ba ta lura da abin da kowa ya kau da kai a kansa: da tartsatsi ya tashi, hannun Dewey sai rawa. Lokacin cin abincin rana sai ta lallaɓa ta gyara abin da ya ɓata. Rannan ta tsinci 'yar takarda a kwanon abincinta.

"Oga, na ga hannunki a kan ƙarfen jiya. Nawa bai taɓa yin kyau haka ba. Na gode."

Ta juya takardar ta rubuta: "Ba don kai na yi ba. Ƙarfen nake tausayi."

Daga tausayin ƙarfe aka koma zama a bakin kogi ranar Lahadi, ana raba burodi da tsiran nama. Ba su cika magana ba. Wata rana ya ce, "Oga, in kina kusa, kaina yana yin shiru." Ta ce, "To ci burodinka, soja," amma ba ta janye hannunta daga nasa ba.

Mahaifinta, Mista Pawlak, da ya ji labari sai ya buga tebur.

"Ɗan ƙauyen Kentucky? Ba ɗan Katolika ba ne, kuma shi ya raba ki da aikinki! Ga Eugene nan, shugaban ma'aikata a kamfaninku, cocinmu ɗaya, yana da gida nasa na kansa."

Eugene kuwa har alkawari ya yi mata. "In na aure ki, har abada ba za ki sake taɓa ƙarfe ba." Shi a ganinsa gata ya yi mata. Ita kuwa ji ta yi kamar ya rufe ta a ɗaki ya jefar da makulli, don a duniya walda ce abu ɗaya da ta san nata ne.

Sai Dewey ya tafka wauta. Bai shawarce ta ba, ya je ya ajiye aiki, wai don a mayar da ita wurinta. Bawan Allah bai san jerin ƙungiyar ma'aikata ba: sojoji goma sha ɗaya ke layi kafin a zo kan mace. Washegari aka ba wani soja aikin.

"Wa ya aike ka?" ta ce masa a bakin ƙofa, tana kuka don haushi. "A da ɗayanmu na da cikakken albashi. Yanzu fa? Tafi ka ba ni wuri!"

Ya kuwa tafi. Mako biyu babu ɗuriyarsa. Eugene ya ce ai ya gudu garinsu, haka irinsu suke. Regina ta ci gaba da cusa kaya a kwali, ba ta ko ɗaga kai. Sai ga talgiram ranar Alhamis:

"Oga, kada ki fita Asabar da safe. Ki roƙi Baba ya buɗe gareji. Naki, Dewey."

Ashe yana birnin Columbus, wurin gwanjon ragowar kayan yaƙi, inda mai takardar soja ake fara sayar wa. Kwana tara yana bin layi. Asabar ya iso da motar aro, a bayanta injin walda, fentin soja bai ko goge ba.

Mista Pawlak ya zagaya injin sau biyu. "Kai za ka yi aiki da shi?"

"A'a, Yallaɓai. Hannuna ya gama walda. Ni zan tuƙa mota in nemo aiki, ita ta yi."

"Namiji yana tsaye, matarsa na walda? Unguwa za ta yi maka dariya."

"Su yi. Na gaji da yawa, ba zan ji ba." Ya juya wurinta. "Zobe kam babu, Regina, nan kuɗin suka tafi. Za ki aure ni haka?"

Ta daɗe tana shafa injin. "Sakarai," ta ce. "Zan aure ka."

A Nuwamba Fada, limamin cocinsu Regina, ya ɗaura auren a ofishinsa, ba a cikin coci ba, tunda ango ba ɗan Katolika ba ne. Bayan nan aka zauna cin abinci. Can wani manomi, ɗan uwan amarya, ya matso kusa da ango.

"Dewey, garmata ta karye. Yaushe zan kawo maka?"

Kafin ango ya buɗe baki, Mista Pawlak ya ajiye cokali.

"Da 'yata za ka yi magana," ya ce, yadda kowa zai ji. "Kuma ba ta yin arha."

Ya miƙe da ƙyar, ya haɗa hannunta mai tabon ƙuna da na Dewey mai rawa, ya riƙe su gam.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Allah ya ba ku hutu."

Duk muka ce amin.