Gangaren da Ya Yi Nishi

Tun kafin ladan ya yi kiran farko Nomau ya rataya bindigarsa harba-ka-ruga, ya soke adda a ƙugu, ya ƙwanƙwasa ƙofar yayansa Barmo. Kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa a ƙasar duwatsun nan, jiya kuwa da la'asar sama ta ɓarke da ƙanƙara irin wadda tsofaffi ma suka riƙe baki. Nomau ya san bayan irin wannan namun daji kan fito shan hantsi a gefen dutse, kuma sawu ba ya ɓuya a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Suka yi asuba a bakin rafi, suka kama hawa, sanyi na cizon yatsu. Da gari ya waye sai ga Dutsen Kwandi ya yi fari fat daga kafaɗa zuwa ƙeya. Ƙanƙarar ta taru ta daskare, tana ƙuruƙus-ƙuruƙus ƙarƙashin takalmi. A nan suka ci karo da sawun mazo, namiji ne ƙosasshe, kofatonsa ya nutse sosai, kashinsa ma da sauran ɗumi.

Sawun ya kai su bakin wani gangare mai tsayi, shimfiɗe tsakanin duwatsu biyu. Barmo ya tsaya, ya caka sandarsa. Ta fasa ɓawon ƙanƙara, ta lume cikin taɓo ba tare da ya danna ba, sannan ta daki dutse mai santsi a can ƙasa.

"Nomau, wurin nan bai kwanta mini ba. Sama tauri, ƙasa kunu. Dubi itatuwan can, duk sun sunkuya. Mu zagaya ta kan tsauni."

"Haba Yaya, kafin mu zagaya ai ya yi mana nisa."

Ya riga ya hango ƙahonin a tsakiyar gangaren, kuma an daɗe tukunyar gidansu ba ta ga nama ba. Ya duƙa, ya shiga yana sanɗa, bindiga a hannu.

Bai yi nisa ba ya ji ƙasa ta yi nishi a ƙarƙashinsa, wani irin "hum" mai nauyi, kamar an daki babbar ganga a cikin rijiya. Mazon ya ɗaga kai, ya zabura. Nomau ya dubi sama, sai ya ga baƙar tsaga tana gudu a kan farar ƙanƙarar, daga wannan dutse zuwa wancan.

"Gefe! Yi gefe, kar ka yi ƙasa!" Muryar Barmo ke nan.

Ya yar da bindiga ya ruga, amma ƙasar da yake takawa ita ma tafiya take. Ƙanƙara da taɓo da duwatsu suka taho da rugugi, itatuwa na karyewa ƙas-ƙas. Abin ya share masa ƙafafu. Yana faɗuwa hannunsa ya dace da saiwar wani gamji da ya fito daga tsagar dutse, ya rungume ta, ya runtse ido yana salati, taɓo na dukan bayansa, tsakuwa na cika masa baki.

Sai kuma shiru. Ya buɗe ido ya gan shi binne har ƙirji, ƙafafu ba sa motsi, amma yana jin su.

Barmo ya biyo ta kan dutse yana rarrafe, ya hau tono da adda da yatsu. Da ya zaro shi ya shafa ƙafafun, ya murɗa gwiwoyin, ya ga ba karaya, sai ya zauna daɓas a taɓo. Mutumin da ko ranar rasuwar mahaifinsu ba a ga hawayensa ba, ga shi yana dariya ruwa na zuba daga idonsa.

"Alhamdu lillahi. Da ka tafi, me zan faɗa wa Inna?"

Suka dubi inda gangaren yake. Babu shi, sai jan dutse tsirara, ruwa na tsiyaya a kansa. Bindigar Nomau kuwa ta tafi ke nan. Can a ɗaya gefen, bisa wani falalen dutse, ga mazon nan tsaye, jikinsa duk taɓo, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa. Barmo ya jawo tasa bindigar, ya ɗora a kafaɗa. Nomau ya miƙa hannu, ya danne bakinta.

"Ƙyale shi, Yaya. Ni da shi tare muka fito daga bakin mutuwa."