Mai Lasar Ƙarafan Rosman

Da magariba abin ya soma, a gidan Rosman da ke Geraldton, wani garin bakin teku a Ostiraliya. A rumfar bayan gida yake ƙera wa masunta kayan jirgi na alminiyom. In ya gasa su sun huce, sai ya tsoma a ruwan sinadari, su fito ruwan zinare bai ɗaya, gishirin teku ba ya cin su.

Ran nan suka fito dabbare-dabbare kamar fatar mai kyasbi, ga wani yauƙi mai ƙarni. Ya zargi wutar tanderu, ya sake wanki, ya haɗa sabon sinadari. A banza. Kullum rana ta faɗi sai tsakuwa ta dinga sauka kan kwano, a ji ana tanɗar baki a rumfar, alhali ba kowa.

Masunta suka fara dawo da kaya. Sannan Rosman ya tarar da 'yarsa Salbiah durƙushe a rumfar tana lasar ƙarfe, yawu na zuba har gwiwa. Sai da ya yi amai kafin ya iya taɓa ta.

Aka ɗauko Nek Adim, tsohon limamin 'yan tsibirin Cocos mazauna garin. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wani aljani mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"A tsohuwar rijiyar bayan rumfa nake tun ba a haifi mai gidan nan ba. Can yake juye dagwalon ruwansa. Fatata duk ta saɓule. Yadda ya ɓata ni haka nake ɓata masa."

Aljanin ya nemi a bar masa yarinyar. Tsohon ya ce ko gashinta ɗaya ba zai samu ba. Suka yi ta ja, har aka tsaya kan a yashe rijiyar, kada a ƙara zuba mata komai. Rosman ya rantse.

"Na tafi. Amma Baban Salbiah, kana zaton ƙarafa kaɗai nake lasa? Matarka ta iya miyar kwakwa."

Salbiah ta yi atishawa ta farka.

Aikin ya dawo sumul. Amma a daren Rosman ya kwashe faranti da cokula da tukwane ya jibge a titi, kuma har aka yashe rijiyar a kan ganyen ayaba suke cin shinkafa.