Gas Ɗin Da Aka Saki A Lungu

Ranar wata Alhamis ce, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan rufin kwanon unguwar Alabar. Abdul-Manan yana durƙushe a rumfar aikinsa ta bayan gida, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mai gyaran iyakwandishan ne, na'urar sanyaya ɗaki, shekararsa ashirin da biyu a sana'ar. A gabansa injuna uku ne, irin waɗanda ake zurawa cikin ramin bango a ƙarƙashin taga, fuska a ɗaki, baya a waje. Daga wani masaukin baƙi na unguwar Adum ya kwaso su. Mai masaukin ya ce lallai a mayar masa da su gobe kafin sallar Juma'a, domin ranar Asabar akwai babban makoki a gari, ɗakuna duk an kama, kuma baƙin Accra ba sa kwana cikin zafi.

Duka ukun yoyon gas suke yi. Ya shafa kumfar sabulu a bututun jan ƙarfe, ya ga inda take tasowa, ya yi wa wurin alama. Amma ba a kai wuta jikin bututu da sauran gas a ciki. Sai an kwashe tsohon, a yi walda, a zuƙe iska, sannan a ɗura sabo. Yana da injin kwashewa kuwa, da silindar da ake tara tsohon gas ɗin, ga su nan a kusurwa ƙura ta rufe su. Matsalar ita ce injin ya tsufa, kowane ɗaya sai ya ci masa kusan awa guda. Shi kuma Abdul-Manan mutumin kirki ne, sai dai Allah bai ba shi haƙurin zama ba. Ko shayi a tsaye yake shansa.

Tsakanin bangon gidansa da na maƙwabcinsa akwai wani siririn lungu, faɗinsa bai wuce taƙi biyu ba. Ba hanya ba ce, ba kwata ba ce, ko akuya ba ta shigarsa. Ya dubi lungun, ya dubi agogo. Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. Sannan ya haɗa tiyo, ya zura bakinsa can ciki, ya murɗa bawul.

Gas ya fita da huci, fari fat, ya bi ƙasa yana rarrafe. Ya saki na farko, ya saki na biyu. Yana kan na uku ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa.

Ko yaro a Zongo ya san ba a watsa ruwan zafi a kwata da magariba. Matarsa Hajaratu ko ruwan taliya za ta zubar sai ta yi bisimilla, ta ce a gafarta, ta ɗan dakata. Haka uwarta ta koya mata. Amma duk gargaɗin a kan zafi aka yi shi, babu tsohuwar da ta taɓa cewa komai a kan sanyi, don a zamaninsu babu wanda ke ajiye sanyi a silinda.

Da hucin ya ƙare sai ya lura da shirun. Kajin da ke rigimar hawa katanga sun yi tsit. Rediyon maƙwabta ma kamar an matsar da shi nesa. Ɗiyarsa Mubina, budurwa mai shekara goma sha takwas da ke koyon ɗinki, tana tsaye a bakin lungun da kayan shanya a kafaɗa, ta karkata kai tana saurare.

"Baaba, wa ke kuka a ciki?"

"Ba kowa. Wuce ki yi alwala."

Ta wuce, amma tana tafiya tana murza ido.

Ya gama aikinsa, Juma'a da hantsi ya mayar da injuna, suka tashi suna busa sanyi ƙalau. Ya dawo gida yana fito. Da magariba ta yi, dutse na farko ya faɗo a kan rufi. Hajaratu ta fito da tsintsiya tana zagin 'ya'yan unguwa, ta leƙa titi, babu ko ɗaya. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro tsakar gida ya tsaya a gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta yar da shi da sauri, domin sanyi ne da shi kamar daga firiza aka ciro shi.

Haka aka yi kwana shida. Ladan na fara kiran magariba jifa zai fara, ana idar da salla ya tsaya. A tsakani kuma sai a ji huci daga lungun, siriri, mai tsawo, irin na tiyo idan an saki bawul.

Mubina ta fara jin sanyi. Watan Maris ne, zafin da ke sa mutane kwana a baranda, amma ita da tsakar rana tana lulluɓe da zane uku tana kaɗa haƙora. A kwana na uku ta kasa zura zare a allura. A na huɗu ta yi karo da turmi a tsakar gidan da aka haife ta. Suka kai ta asibiti, likita ya haska idon, ya ce bai ga komai ba, ya ba da maganin ɗigawa. A kwana na biyar wani farin hazo ya kwanta a kan baƙin idonta, ta ce da uwarta, "Mma, kunna fitila mana," alhali rana na tsaka.

Abdul-Manan ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya shiga rumfa ya fito, ya ɗauki sufana ya ajiye. Ya bi silindunsa ɗaya bayan ɗaya da kumfar sabulu wai ko wata ce ke yoyo take wannan hucin, ya kuwa san sarai babu wadda ke yoyo. Ya hau rufi neman mai jifa. Ya ɗauko injin kwashe gas ɗin da ya raina, ya goge shi tas, ya mayar kusurwa, kamar hakan zai gyara wani abu. Tsoro yake ji, da kunya, kunyar ma ta fi yawa. Sau biyu yana buɗe baki zai gaya wa Hajaratu, sau biyu yana ɓigewa da tambayar ko an ba yarinyar magani.

Hajaratu ce ta gaji. "Baban Mubina, wannan ba na asibiti ba ne koraa, ko kaɗan. In ba za ka kira Malam Khalidu ba, ni zan yafa mayafi in je."

Malam Khalidu tsoho ne, siriri, ya yi shekaru yana karantarwa a wani ƙaramin masallaci na Alabar. Ba ya son hayaniya, ba ya son 'yan kallo. Ya iso bayan la'asar da buta da carbi, ya sa aka rufe ƙofar gida. Bai fara da yarinyar ba. Ya zagaya tsakar gida a hankali, ya shiga rumfa, ya tsaya a bakin lungun ya daɗe. Ciyawar da ke ƙasan bangon ta yi baƙi ta kwanta. Ya juyo ya dubi Abdul-Manan.

Aka zaunar da Mubina a tabarma, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Malam ya zauna daura da ita ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta yi ta tsawo tana cin tsakar gida. Can sai kaɗa haƙoran ya tsaya. Yarinyar ta miƙe zaune sak, ta ture zannuwan, ta juya fararen idanunta daidai inda ubanta yake tsaye.

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, Hausarta kuma irin ta kakanni ce, wadda ba a ƙara ji a Zongo.

"Ya isa, Malam. Karatunka na ƙona ni, ni kuwa ba kafira ba ce."

"To wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Tun fatake na ɗaure jakuna a nan suna jiran goro muke zaune a wurin nan. Aka yi gini aka matse mu, muka haƙura da lungu. Ba mu taɓa kowa ba. Matar gidan nan ta san girman maƙwabci, kullum sai ta yi mana magana kafin ta zuba ruwa, mu kwashe yara. Wancan kuwa," ta ɗaga yatsa, "ya zuro mana abu ba sallama. Ɗana na zaune a bakin ƙofa yana jiran kiran salla. A fuska ya same shi. Idonsa biyu sun daskare."

Hajaratu ta juya ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Malam. "Amma kuskure ne. Mutum ba ya ganinku, bai san kuna ciki ba."

"Bai san muna ciki ba, gaskiya ne. Amma ya san ba a saki. Yana da tukunyar da ake tarawa, tana kusurwa. Tambaye shi, don me ya waiwaya dama da hagu kafin ya murɗa?"

Malam ya juyo. "Abdul-Manan, haka ne?"

Abdul-Manan ya ce, "Haka ne, Malam. Sauri nake yi."

"To kin ji, ya amsa laifinsa. Amma yarinya ba ita ta murɗa ba. Ke da kika ce ke Musulma ce, a ina kika samo kama wani da laifin wani?"

Wani dutse ya faɗo a rufi, ɗaya tak, ya gangara.

"Ido biyu aka ɓata min," muryar ta ce, ta ɗan yi laushi. "Ban iya komawa hannu wofi."

"Za a toshe bakin lungun da siminti, ba wanda zai ƙara zura komai. Zai ciyar da mabukata. Zai rantse ba zai sake sakin gas a iska ba, nan ko wani wuri."

"Wannan duk ya yi. Amma bai biya ba." Kan yarinyar ya karkata. "Na daɗe ina kallonsa ta ramin bango. Sauran masu aikin nan sai sun ɗora silinda a sikeli, sun zura wa geji ido. Shi kuwa ya kama bututu da tafin hannu, ya lumshe ido, ya ce ya isa, kuma ya isa ɗin. Da shi yake taƙama a gaban abokan aikinsa. Ran nan hannu ɗaya ya riƙe tiyo, ɗaya ya murɗa. Ya ba ni abin da suke ji, zafi da sanyi, in bar mata idonta."

Gaskiya ta faɗa. Daga Adum har Atonsu an san shi da wannan hannun, saboda shi ake tsallake masu shago da kayan aiki sababbi a zo neman sa.

"Ba a wannan ciniki a gabana," in ji Malam, muryarsa ta yi kauri. "Za ki fita don tsoron Allah, ba don an biya ki ba. In kin ƙi, ina nan, zan yi ta karatu har kwana bakwai."

"Yi. Zan fita, na sani. Amma kullum hazon ƙaruwa yake, ranar da zan fita ban san abin da zai rage ba."

Malam ya ɗaga hannu yana yi wa Abdul-Manan alamar ya yi shiru, ya koma karatu. Wataƙila da an jira, da Malam ya ci nasara ba tare da an ba da komai ba. Allah kaɗai ya sani. Amma an gaya wa mutumin da bai iya jiran awa guda ba ya jira kwana bakwai, yana kallon idon ɗiyarsa na ƙara fari. Ya yi taku biyu gaba, ya dawo, ya sake yin gaba.

"Na yarda! Ɗauki!"

"Abdul-Manan!" Malam ya daka masa tsawa.

Ya riga ya durƙusa ya miƙa hannuwansa. Yarinyar ta kama su, ta damƙe da ƙarfin da ba nata ba. Sanyi ya shige shi tun daga yatsu har wuyan hannu, mai zafi kamar ƙuna, har ya ciji leɓe. Sannan zafin da sanyin duka suka ɗauke.

"Mun tashi daga lungunku," in ji muryar. "Ku toshe shi. Hajaratu, ke kam mun gode da maƙwabtaka."

Mubina ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. A masallaci ladan ya fara kiran magariba. Duka suka ɗaga kai suna jiran rufin, har ladan ya kai ƙarshe babu abin da ya faɗo. Malam Khalidu ya tattara carbinsa, ransa a ɓace, ya ce, "Sau biyu ke nan gaggawa na yanke maka hukunci. Allah ya kyauta." Ya shiga neman ruwan alwala.

Yarinyar ta buɗe ido. Baƙi ne wuluk, hazon ya tafi. Ta dubi uwarta, ta dubi igiyar shanya, ta dubi ubanta ta daɗe.

"Baaba, ka rame paa."

Dariya ta kama shi haɗe da hawaye. Ya kai tafin hannunsa goshinta don ya ji ko sanyin ya sake ta. Ya ji taurin ƙashi, ya ji laushin fata, ya ji gashinta a gefen yatsansa. Ya juya bayan hannun, ya gwada ɗayan, ya daɗe a haka.

"Hajaratu," ya ce a hankali, "taɓa min ita. Da ɗumi?"

Ta ɗora hannunta kusa da nasa.

"Da ɗumi, Baban Mubina."