Mai Tsaron Gida a Lamba Tara

Na karɓi wayata daga Surayya, ɗiyar kawuna.

"Duba da idonki! Kwana uku bai kira ki ba, amma kullum sai ya buga wasa."

Gaskiya ta faɗa. Ƙungiyar da ni da Nazir muke horarwa a wasan ƙwallo na waya ta buga sau uku, duk an ci ta.

Wata bakwai muna gina ta, shi yana Bagega wurin niƙan dutsen zinari, ni ina Gummi. Ni ke jera 'yan wasa, in gwada, in rubuta abin da ya ɓaci a bayan littafina. Shi kuma ya hau tudu neman sabis ya buga, ya kira ni yana dariya.

"Kocin zuciyata, 'yan bayanki sun cika son zuwa gaba!"

Inna dai ta ce ba ta ba mai haƙar zinari ɗiyarta.

"Wata ya ba wayar tana wasa da wahalarki," in ji Surayya, wadda ta riga ni son shi.

Na rubuta masa: Kada ka sake nemana.

Nan take aka karanta.

Sai bayan la'asar na buɗe jerin 'yan wasan.

Mai tsaron gida a lamba tara, gurbin mai cin ƙwallo!

Ko wadda Nazir ya koya wa sau ɗaya ba za ta yi haka ba. Wayar tana hannun wanda bai san komai ba.

Sai ga kira da lambarshi.

"Ke ce ta Gummi?" Murya ce mai kauri, ina jin kukan babura a bayanta. "Mai wayar ga yana wurinmu, a hanyar Anka muka ɗauko shi. Ya ce ke kika iya abin ga. Kullum cin mu ake. Gyara muna. In aka ci mu yau kuma..."

Bai ƙarasa ba.

"In ji muryarshi," na ce.

"Shamsiyya..." Muryar Nazir ce. "Yi wanda kika fi yarda da shi."

Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi ta buɗe mini littafin.

"Wane shafi?"

Na ja mutum biyar baya, na hana su tsallake tsakiya, na bar mai gudu ɗaya a gaba. Sau biyu kawai na taɓa gwada tsarin, sau ɗaya ya yi.

Minti shida wasan yake ɗauka. Inna na jan carbi, Surayya na kuka.

Muka ci ɗaya da nema!

Kwana biyu bayan nan aka sako shi, masunta suka tsince shi kusa da Bukkuyum, ƙafafunsa a kumbure.

Da ya zo gidanmu na durƙusa na faɗa masa saƙon da na tura.

"Sun karanta mini," ya ce a hankali. "Na ce musu fushi ne, ai za ki ɗauka in an kira."

Inna ta share ido. "Ka turo manyanka, Nazir. Amma ka bar Bagega."

An sa rana bayan Sallah.

Har yau, duk la'asar, lambar nan da ta rage a hannunsu tana kira.