Hoton da Ya Ƙetare Teku

Ranar da wayar ta iso gidan Nani Zorina, magariba ta faɗi kamar kullum a ƙauyenmu na gaɓar Berbice. Kwaɗi sun fara kuka a magudanar ruwa, hayaƙin maganin sauro na tashi a ƙasan gida, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da ɗakunan katako. Nani na murza roti, gurasar fulawa ta mutanen nan. Jikarta Nafeeza ta tsuguna gaban wani kwali tana ɓare leda a hankali, har numfashi take riƙewa.

Uwarta Shameeza ce ta aiko da wayar daga New York. Ta tafi tun Nafeeza ba ta gama famfara ba, ta kama aikin jinyar tsofaffi, takardar zamanta ta ƙare, ta ci gaba da zama a ɓoye. Kowa a nan ya san abin da hakan ke nufi: ranar da ta fito daga ƙasar, ƙofa ta rufe a bayanta ke nan. Saboda haka sai aike. Takalma, sabulu, man shafawa, yanzu kuma ga waya.

Gaskiya waya ta yi waya. Baƙa wuluk, sumul, faɗinta ya fi tafin hannun ƙato. Mamu Rafeek, ƙanen Shameeza, wanda ke tuƙa tarakta a gonakin shinkafa, ya karɓa ya jujjuya ta.

"Wannan waya ce ko faranti? Ma, ɗora min roti biyu a kai."

"Mamu, don Allah sakar min abata, hannunka duk baƙin mai ne!"

"Wane aljihu zai ɗauki wannan? Sai dai ki goya ta."

Ana cikin dariya kira ya shigo, fuskar Shameeza ta cika gilashin. A tsohuwar wayar gidan kamar ta ramin ƙofa ake leƙen ta. Yau kuwa ga ta nan sarai, har furfurar da ke gefen kunnenta, har baƙin da ya kewaye idanunta. Nani ta dube ta, ta koma kan rotinta. Zuciyarta ta karye, ba ta so a gani.

Shameeza ta ce a zagaya da ita ta ga gida. Nafeeza ta nuna mata matakala, ta nuna mata akurkin kaji da bishiyar mangwaro. Sai uwar ta ce, "Bayan gida fa? Rimin nan yana nan?"

Yana nan, can inda fili ya ƙare gona ta fara. Tun kakanninmu ba a nuna shi da yatsa, ba a kuma ɗaga ido a kalle shi bayan faɗuwar rana. Shameeza ta san haka tana ƙarama, amma nisa kan sa mutum ya manta tsoron gida, ya bar shi da kewa kawai.

"Ke Nafeeza, dawo nan!" in ji Nani. "Ba ki ji kiran salla ba?"

"Nani, ni ban kalla ba. Wayar ce take kallo."

Ta kawar da kai, ta miƙa hannu, ta latsa. Abin da ba wanda ya sani shi ne wayar tana gani a duhu. Hoton ya fito tar kamar da rana tsaka aka ɗauka. A tsakanin saiwoyin rimin akwai wani ɗan abu a zaune, tsawonsa bai wuce na yaye ba, ya juyo da fuska. Kafin ta lura da shi ta riga ta tura wa uwarta. Da ta sake buɗe hoton, wurin ba kowa.

A lokacin kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Dutse na farko ya faɗo kan kwano kafin a idar da salla. Na biyu ya biyo baya a hankali, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Rafeek ya zagaya da fitila da adda yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga ko kare ba. Duwatsun da ya tsinta a jiƙe suke, a yankin da in ban da laka ba abin da ƙasa ke haifarwa.

Washegari da magariba jifa ta dawo, ta zo da murya. Muryar mace ce, tana zagaya gidan tana kiran wani suna da harshen mutum ba zai iya maimaitawa ba. Babu fushi a cikinta, shi ya fi tayar wa Nani da hankali. Duk matar da ta taɓa neman ɗanta a kasuwa ta san irin wannan kira.

Daga nan Nafeeza ta canza. Ta daina cin abinci, ta shiga bincike. Ta buɗe tukwane, ta zazzage akwatuna, ta leƙa ƙarƙashin gado, in an tambaye ta me take nema sai ta kalli mutum kamar ba ta san shi ba. Wata yamma aka neme ta aka rasa. Masunta suka same ta bayan katangar teku, tsaye daidai inda ruwa ke tsayawa. In igiyar ruwa ta matso sai ta ja baya da ƙara kamar an ɗiga mata tafasasshen mai, in ta koma sai ta bi ta tana kuka. Da ƙyar ƙarti suka ɗauko ta.

Aka je aka kira Miyaji Yacoob, tsohon limamin ƙauyen. Siririn mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya son a kira shi irin wannan aiki, amma bai taɓa ƙin zuwa ba. Ya jingine kekensa, ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, ya ce a kira uwarta a jingina wayar a jikin ginshiƙi. Sannan ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Rana na gangarawa, inuwar rimin ta miƙo har bakin matakala.

Jikin Nafeeza ya sandare. Ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni." Muryar nan ce mai zagaya gida.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Muna nan tun kafin a kawo kakanninku yankan rake. Ba mu taɓa muku ko kaza ba. Abu ɗaya muka roƙa, kada a gan mu. Ta ɗauke min 'ya, ta jefa ta bayan ruwan gishiri, inda ba na iya takawa."

Rafeek ya ce, "Ai sai a goge hoton, a huta."

Kan yarinyar ya juyo gare shi sannu a hankali. "In aka goge, 'yata za a goge?"

Miyaji ya dubi wayar. "Shameeza, me kike gani a wajenki?"

Shameeza ta shafa bayan wuyanta. Sai ta ce tsohuwar da take jinya kullum tana tambayarta, 'yar wa kika kawo min gida? Ta ce bayanta na yi mata nauyi, kuma in ta kwanta tana jin ƙaramin numfashi a wuyanta. Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka kewar Nafeeza ce. Har waƙa nake yi mata ta yi barci."

Miyaji ya ce to ta turo hoton ya dawo ta hanyar da ya bi. Ta turo, ya iso, rimi kawai. Ya ce a ba wani matafiyi wayar Shameeza ya kawo ta. Aljanar da ke jikin Nafeeza ta girgiza kai.

"'Yata ta tsorata. Ba za ta bi kowa ba sai wadda ta goya ta."

"Miyaji, ka san halin da nake ciki," in ji Shameeza, tana kuka. "In na fito ba komawa. Duk abin da na yi shekarun nan, don ita na yi. Karatunta, rufin gidan nan..."

Idanun da ba na Nafeeza ba suka tsaya kan gilashin.

"Ni teku ce ta hana ni bin 'yata, na je har bakinta ta ƙone ni. Ke me ya hana ki?"

Nani ta rufe fuska da mayafi.

Miyaji ya juya ga aljanar. Ya ce ba a biyan zalunci da zalunci, yarinya ta yi kuskure ne cikin rashin sani, jikinta kuma ba mazauninta ba ne. Ya buɗe baki zai koma karatu. Aljanar ta ɗaga hannu.

"Zan fita. Amma zan riƙe muryarta a wurina. In aka yanke shinkafar bana 'yata ba ta dawo ba, zan zo in ɗauki sauran."

Ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka, ta rantse. Nafeeza ta yi atishawa, ta zube. Da ta farfaɗo ta gane kowa, ta ci abinci, ta buɗe baki ta kira Nani, ba abin da ya fito.

Jifa ta tsaya. Shinkafa ta yi ciki, ta fitar da kai, ta fara ja. Kullum da magariba wayar na haske, uwa na magana, 'ya na kallon ta kawai. Nani ba ta roƙi Shameeza ko sau ɗaya ba, sai dai kowace safiya takan tsaya ta daɗe tana duban gona.

Injinan girbi sun riga sun shigo ƙauyen ranar da motar haya ta tsaya a bakin gada. Shameeza ta fito da jaka ɗaya, a ranƙwafe kamar mai goyo. Ba ta gaida kowa ba. Ta wuce kai tsaye gindin rimin, idonta a ƙasa, ta durƙusa, ta ajiye wayarta tsakanin saiwoyi. Ta ji nauyin ya zame daga bayanta. Ta juyo a miƙe, ba ta waiwaya ba, ganyen bishiyar na kaɗawa alhali ba iska.

Nafeeza na tsaye a ƙasan matakala. Ta fi uwarta tsawo. Shameeza ta buɗe hannuwa, yarinyar ba ta matso ba. Ta yi gyaran murya, ta sake yi, sannan maganar ta fito a dishe.

"Ma, da ba a kama ni ba, da kin zo?"

Shameeza ta tsaya da hannuwanta a buɗe. A duk tsawon hanya ta shirya amsoshi da yawa, babu ta wannan a ciki.