Baƙon da Ya Biyo Adamu Daga Asibiti

A shekarar korona, wata magariba a unguwar Birni, Kaltuma na tankaɗe a tsakar gida sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinta. Ta leƙa waje, ba kowa. Na biyu ya faɗo, a hankali, kamar mai sallama.

A ɗakin, mijinta Adamu yana kwance kwana uku, ƙaba ta murɗe masa, ciki ya kumbura kamar tulu. Shekaranjiya ta kai shi ƙofar asibiti, ta hango masu fararen kaya har ido a rufe, ta tuna ana cewa duk wanda ya shiga da zazzaɓi, ko gawarsa ba a ba dangi. Ta ce wa mai kabu-kabu ya juya.

Dutse na bakwai na sauka, 'yarsu Ummul Khairi ta saki tulun ruwa, ta miƙe tsaye ƙiƙam, ta yi tari irin na tsoho.

Aka kira Malam Yusufu. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, gidan ya yi tsit, kaji ma suka daina motsi.

"Wane ne kai?"

"Sannu Malam," in ji wata ƙatuwar murya daga bakin yarinyar. "Ni ɗan bulok ne, ɗakin da ake yi wa mutane aiki. Shekara arba'in ina bayan ƙofa. Yanzu gadaje wayam, dokotoro na kora ƙuda. Na fito in ga ina mutane suka shige, sai matar nan ta juya da ni a kan babur."

"Fita!"

"Da ƙafa? Ni tsoho? Wanda ya kawo ni shi zai mai da ni. Na san warin hanjin da ya fara mutuwa, Malam. Wannan da ke kwance a ɗaki ba zai ga azahar ɗin gobe ba."

Kaltuma ta matso. "In sun riƙe shi fa?"

"Ki ci gaba da riƙonsa, baiwar Allah. Ke za ki wanke shi."

Kaltuma ta ɗauko mayafi. Ana ciccibar Adamu, yarinyar ta yi atishawa uku ta zube.

A asibiti, gardi bai bar Kaltuma ta shiga ba. A bakin ƙofa ta kwana. Da hantsi infirmiya, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo ta cikin takunkumi.

"Matar Adamu? An yanke masa hanji taƙi guda, ya farka. Amma wa ya koya masa hanyar bulok? Daren jiya ido rufe yake nuna mana ƙofa."